Laccar Ustaz mai koyar da sauti a jami'a, yadda ya yi mana ita a Kasala

Wannan laccar wani babanmu ne ya yi ta, Ustaz muke ce masa, injiniyan sauti ne kuma ya daɗe yana koyar da fasahar sauti da kiɗa a jami'a can Hartum kafin yaƙi ya dawo da shi gida Kasala, a gabashin Sudan. Samarin unguwa ne suka matsa masa ya zo ya yi musu magana a kan sana'arsa. A waya na ɗauka na zauna na rubuta yadda ya faɗa, inda raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta wuce ko yara suka cika hayaniya na tsallake.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, Baba Liman Allah ya ƙara girma, iyaye mata da ke can baya sannunku da zuwa, samari barkanku da dare. Kafin nace komai, ɗana mai riƙe da miksa dan Allah rage min bes ɗin nan, kaurin sautin ya yi yawa, sannan sifikar hagun nan ka juyo da ita ta kalli mutane, yanzu bangon makaranta take yi wa lacca. (dariya) Yauwa, Allah ya yi maka albarka. Na baya kun ji bambanci ko? Toh ban ƙara murya ba, shi ma bai ƙara komai ba, ragewa ma ya yi. Yawancin aikinmu kenan.

Ni mahaifina Allah ya jiƙansa almajiri ne na gaske, kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji kamar kakannin da yawanku, ya tsaya noma a Gadarif dan ya haɗa guzuri, shikenan zama ya kama shi. Kaga irin wannan gidan ba a zancen kiɗa a cikinsa. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, yake da rumfar gyaran rediyo a kasuwa, nan nake zuwa bayan makarantar allo ina riƙe masa waya yana ɗiga dalma, har na fara gane wane abu ne ya ƙone tun daga warinsa. Masu sawund na biki su suke kawo masa amfilifaya in ta mutu, da haka na fara binsu ina ɗaukar sifika a ka ina jan waya cikin ƙasa, a ba ni abin shayi. Ranar da labari ya kai wa mahaifina cewa an ganni a sewan, wato rumfar biki, bayan mai waƙa, kirana ya yi yace, a zuriyarmu ba makaɗi ba maroƙi, da kai za a fara? Kawu ne ya zo ya zauna da shi yace Malam yaron nan bai taɓa ganga ba, waya yake taɓawa, kuma lasifikar masallacinku da ta yi wata tana ƙugi wa ya gyara ta? Malam ya yi shiru, daga baya yace to ya je ya karanta abin a makaranta yadda ya kamata, kar ya tsaya a ɗan dako. Da wannan sharaɗin na shiga karatun lantarki.

Ya jama'a wannan sana'ar a Sudan tana da tarihi, kuma mu muna cikinsa. Kafin a buɗe rediyo, mawaƙan Haƙiba, tsohon salon waƙar Sudan ɗin nan, sai sun bi jirgin ƙasa da na ruwa zuwa Alƙahira kafin a ɗauki muryarsu a faifan garmaho, irin mai juyi 78 a minti ɗaya ɗin nan, fuska ɗaya minti uku ne ko da ɗan ɗoriya, dan haka duk tsawon waƙarka dole ka datse ta. A 1940 aka buɗe rediyon Omdurman, lokacin yaƙin duniya na biyu, farko ɗan taƙaitaccen lokaci ake yi a rana ana ba da labarin yaƙi, mutane su taru a fili suna ji ta lasifika dan ba kowa ke da akwatin rediyo ba. Mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon nan a farkon shekarun 1940 ita ce A'isha Falatiyya, wadda iyayenta daga yamma suka zo kan hanyar hajji kamar namu, ta rasu 1974. Duk wanda ya ji muryarta yau ya sani akwai wani bawan Allah da ya tsaya ya saita mata makirfo ya lura da allurar mita, ba a san sunansa ba amma da bai yi aikinsa ba da sai dai labari.

Ni zamanin tef na tarar. Da na gama karatu na samu aiki a wani situdiyo a Omdurman, na'urar ril ce mai faɗin kwatar inci, in ana son abu mai kyau a sa ta gudu santimita 38 a sakan, in labarai ne 19 ta isa. Gyara kuma da reza ake yi. Mai karatu ya yi tari a tsakiyar aya, sai ka riƙa juya ril ɗin da hannu biyu gaba da baya kana ji a kunne har ka gano daidai bakin tarin, ka sa alama da fensir mai maiƙo, ka yanke a karkace, ka liƙa. In ka yanke harafi ya tafi kenan sai dai ka durƙusa ƙasa kana neman guntun. Yaran yanzu da suke danna maɓalli abu ya dawo ba za su gane irin nutsuwar da wannan ke koya wa mutum ba. Sannan kasuwar kaset, kamfanin Philips ne ya fito da shi 1963 amma mu nan sai daga baya ya cika ko'ina, kowace bas kowane shagon shayi. Kaset gudunsa santimita 4.76 ne kacal a sakan, dama can da ɗan huci yake zuwa, sai a kwafa daga kwafe, a sake kwafa daga wancan, kafin ya iso Kasala ya zama kamar ganyen shayin da aka dafa sau uku.

Shiga jami'a kuwa ba ni na nema ba. Kun san tun 1969 aka kafa ma'ahadi, wato makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo, a ƙasar nan, har malamai daga Koriya ta Arewa sun koyar a ciki, daga baya ya zama kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. Wato karatun kiɗa a aji ya daɗe, ana koyar da nota, ud wato molon Larabawa, goge irin na Turawa, fiyano. Abin da ya yi ƙaranci a ko'ina shi ne wanda zai koyar da yadda sautin zai bar ɗaki ya shiga na'ura ya fito lafiya. Wani malami da ke kawo ɗalibansa situdiyonmu shi ya ce min, Ustaz abin nan da kake gaya musu a tsaye ka zo ka faɗa a aji mana. Na fara da zuwa sau ɗaya a mako, a hankali abin ya zama shi ne aikin, har na koma na ƙaro karatu ina da furfura dan koyarwa a jami'a sai da takarda, kuma ban ga laifin hakan ba, dan hannu na iya aiki shekara da shekaru bai san dalilin abin da yake yi ba, in ɗalibi ya ce maka me ya sa, nan ne ake gane wanda ya sani.

Ɗalibai iri biyu nake samu. Akwai ɗan kiɗa, kunnensa kaifi, in tsirkiya ɗaya ta saki zai ji, amma da ka rubuta lissafi a allo sai idonsa ya raina fata, dama gudun lissafi ne ya kawo shi wannan sashen. Akwai kuma wanda ya zo daga ɓangaren injiniya, lissafi ruwa ne a wurinsa, amma allon kwamfuta yake kallo, zai ce maka Ustaz layin ya miƙe daidai alhali abin da ke fita daga sifika ba ya sauraruwa. Aikina shi ne na farko ya daina tsoron lamba, na biyu ya rufe ido.

Dan haka darasin farko ba na bari a kunna komai. Fita muke yi. Na tsayar da su a cikin aji na yi tafi ɗaya nace ku ji, mu shiga matattakala na sake tafi, mu shiga ofis mai kafet da labule da littattafai, mu fita fili. Tafin ɗaya ne, hannuna bai canza ba, amma sauti huɗu suka ji. Ku nan Kasala ma kun fi su gata, ga duwatsun Totil da Taka a bayanku. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan in iska tana digiri 20, in zafi ya kai 40 irin namu yakan kai wajen 355. Ka tsaya nesa da dutse kamar mita 170 ka yi kira, sai bayan kusan sakan guda zai dawo maka, dan zuwa da dawowa ne. In bango bai kai mita 17 ba ba zaka ji shi daban ba, haɗewa zai yi da muryarka ya dagula ta. Kuma kun lura da dare sawund ɗin bikin ƙetaren kogin Gash kamar a tsakar gidanka? Ƙasa ce ta huce, iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sautin ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi sama ya ɓace. Shi ya sa kiran asuba yake kai inda na azahar ba ya kaiwa.

Wanda ya fara mai da wannan abu lissafi wani malamin fiziks ne a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine. A 1895 aka ba shi wani ɗakin lacca da ba a jin abin da malami ke faɗa aka ce ya gyara, sai ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure da daddare yana jerawa, ya busa bututu ya riƙe agogo yana auna tsawon lokacin da amon ke ɗauka kafin ya mutu, ya ƙara matasai ya sake aunawa. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da har yau da ita muke aiki, girman ɗaki yana tsawaita amo, kaya masu laushi suna shanye shi. Ɗakin magana ana so amon ya mutu cikin sakan ɗaya ko ƙasa da haka.

Toh a nan zan ɗan daɗe, Baba Liman a yi min afuwa, dan maganar masallatanmu ce. Da can masallacin ƙasa ne, rufin itace da zana, tabarma a ƙasa, liman ya yi karatu ba lasifika kowa ya ji. Yanzu Allah ya hore, an zuba siminti, an manna tayil a bango har sama, an ɗora ƙubba, tagogi gilas. Ido ya ji daɗi amma duk abin da na lissafa mayar da sauti yake yi, ba mai shanyewa. Sai a ce ba a jin huɗuba, sai kwamiti ya tara kuɗi a ƙaro sifika huɗu a kafa a kusurwa huɗu suna kallon juna, wallahi an ƙara ciwo ne, yanzu kowace kalma sau huɗu take zuwa kunnen mutum a lokuta daban daban, ga na bango kuma. Duk mita ɗaya sauti yana cin kusan kashi 3 cikin 1000 na sakan, sifikar da ke nesa da kai mita 20 ta makara sosai a kan ta kusa da kai. Maganin ba tsada. Sifikun duk su fuskanci ɓangare ɗaya, daga wajen liman zuwa baya, a karkato su ƙasa su kalli kawunan mutane, a rage ƙarfinsu. A sa kafet mai kauri, bangon baya a rataya labule mai nauyi ko a jera kantar Alƙur'anai. A miksa a yanke duk abin da ke ƙasa da girgiza 100 a sakan dan muryar mutum ba ta da abin kirki a can sai gurnani, a ɗan ɗaga wajen 2000 zuwa 4000, nan ne haruffa suke rarrabewa, nan ake jin sinun daban da sadun. Kuma dan girman Allah maɓallin eko ɗin nan da ladanai ke so, ɗakin da kansa ya riga ya ba ku eko har ya yi yawa. Kunji a Saudiyya a 2021 hukuma ta ce lasifikar waje kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta kuma a taƙaita ta ga kiran sallah da iƙama, an yi ta muhawara a kai, ni wannan na bar wa malamai, abin da na sani a sana'ata kawai shi ne lasifikar da aka ƙure ta fasa murya take yi.

Ɗan abu ƙarami kuma, mai riƙe makirfo ya dunƙule kansa da tafin hannu dan ya ga mawaƙa na yi a talabijin. Ramukan da ke bayan kan nan su ke sa makirfo ya ƙi ɗaukar abin da ke bayansa, ka toshe su sai ya ɗauki ko'ina har da sifika, shi ne kukan nan mai huda kunne. In kuma kun ji ƙugi mai kauri wanda ba ya tsayawa, wannan wutar lantarki ce mai juyi 50 a sakan ta shigo layi, galibi ba a haɗa wayar ƙasa ba ko an ja wayar makirfo jikin ta janareta. A Jidda ƙugin ya ɗan fi namu siranta dan su tasu wutar 60 ce.

Samari masu sawund ku saurara nan. Mai shago zai ce maka wannan wat 5000 ce, kai ma ka je kana faɗa. In ka ninka wat sau biyu desibel 3 kawai ka ƙara, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kafin kunne ya ji abu ya ninka ƙarfi sai ka ninka wat kusan sau goma. Kuma kunne yana da iyaka. Desibel 85 mutum zai iya zama awa 8 a ciki, duk ƙarin 3 lokacin ya rabu biyu, 88 awa 4, kafin ka kai 100 saura minti 15. Gaban sifikar biki ya wuce 100 cikin sauƙi, ku kuma daga la'asar har tsakar dare kuna nan, ga mata da goyo a baya suna rawa daidai bakin sifika. A can cikin kunne akwai ƙananan gashi dubu goma sha wani abu, su ke ji, wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ƙarar nan fiii da kake ji in ka kwanta bayan biki gargaɗi ne. Abokan aikina na zamanin kaset da yawa yanzu sai ka maimaita musu magana, kuma kunne shi ne jarinmu.

Yanzu abin da ya fi damuna a koyarwa, wanda shi ne dalilin da yasa na amsa gayyatar nan. Da yawa daga na'urorin nan da manhajojin a Jamus da Japan da Amurka aka ƙera su, da kayan kiɗansu aka gwada. Ka buɗe manhaja zaka ga saiti na gangar Turawa, na jita, na fiyano. Ba gangar dalluka, ba tambur mai tsirkiya, ba ƙahon wazza na mutanen Nilu Shuɗi, balle kalangu ko gurmi. Na taɓa gayyato wani dattijo makaɗin kalangu daga cikin mutanenmu na Omdurman ya zo aji, nace wa ɗalibai ku ɗauke shi. Suka maƙala makirfo dab da fatar, suka ɗora saitin ganga na manhaja, wanda yake datse wutsiyar sauti da zarar an buga dan ya fito tsaf. Aka kunna masa, tak tak tak. Dattijon ya saurara ya girgiza kai yace, 'ya'yana kun mai da min shi bebe. Gaskiyarsa kuwa, dan kalangu bayan an buga ne yake magana, lokacin da hammata ke matse tsarkiya sautin ya hau ko ya sauka, wutsiyar da suka yanke ita ce zancen. Sai nace ku cire komai, ku bar kujerunku, kowa ya toshe kunne ɗaya ya zagaya dattijon yana kiɗa har ya samu inda kalangun ya fi daɗi. Suka samu wajen kamu uku daga gabansa, ɗan gefe. Nan aka kafa makirfo, aka sa na biyu ta bayan hammata, da aka haɗa su sai kaurin ya ɓace dan fatar gaba na shiga ta baya na fita, ɗaya na soke ɗaya, sai da wata ɗaliba ta juya fuskar siginar na biyun sannan ya cika. Da aka sake kunnawa dattijon bai ce komai ba sai ya fara amsa kirarin da ya kaɗa da bakinsa. Wannan ba ya cikin littafin kowa, sai wanda ya san abin da kalangu ke faɗa ne zai san an yanke masa harshe.

Haka maganar Auto-Tune. Wani injiniya Andy Hildebrand ne ya fitar da shi 1997, mutumin da ma aikin binciken man fetur yake yi da lissafin girgizar ƙasa. An yi shi ne dan ɗan gyaran murya yadda ba za a gane ba. Shi in ka bar shi yadda ya zo matakai 12 na fiyano yake bi, duk muryar da ta faɗo tsakani sai ya fizge ta zuwa mafi kusa. Waƙar Sudan kuwa a kan matakai biyar take, irin namu na Hausa ma haka da yawa, shi ya sa kunnenmu da nasu ya saba da juna, kuma daɗinta a zamewar nan ne daga mataki zuwa mataki. Sannan Hausa harshe ne mai hawa da sauka, karin sautin yana cikin ma'anar. Yaro ya buɗe manhaja ya bar ta a matakai 12 ya ƙure saurin gyaran, sai muryar ta riƙa tsalle tana sauka inda waƙar ba ta da shi. Ni ban hana ba, salo ne, samari suna so kuma kasuwa na so. Cewa nake ka gaya wa na'urar matakai biyar ɗin da waƙar ke kai, ka sassauta saurin, in ka ga dama ka ƙure amma ya zama kai ka zaɓa. Organ ma haka, ya shigo bukukuwa mutum ɗaya ya maye gurbin makaɗa goma, mai biki ya huta da kashe kuɗi, amma dallukar da ke cikin organ bugu ɗaya ce aka ɗauka take ta maimaituwa, ba ta san amarya ta gaji ko ta ɗauki zafi ba.

Sai yaƙi. Tun 15 ga Afrilu 2023 kun san abin da ya faru, ba sai na faɗa ba, kusan kowane gida nan ya sauki baƙi. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman tun farkon faɗan ya shiga ciki, sai Maris 2024 soja suka karɓe shi, duk tsawon lokacin nan mu masu wannan sana'a zuciyarmu na kan ɗakin ajiyar tef ɗin da ke wurin. Ɗalibaina sun watse, wasu Masar, wasu Bur Sudan, wasu Jidda, ta waya muke karatu, su turo abin da suka ɗauka na saurara na mayar musu da gyara. Abin da zan roƙe ku shi ne na gidajenku. Akwai kaset a akwatunan iyayenmu mata, wa'azin malaman da suka rasu, madihu, waƙoƙin biki, har saƙon murya da 'yan uwa ke aikowa daga Makka ko Kano zamanin da ba waya, ka ji kaka tana gaida kowa da sunansa. Zafi da ƙura suna cin tef. Ku fito da su, ku fara karya ɗan harshen da ke saman kaset ɗin dan kar wani ya ɗauki abu a kai, ku goge kan rikoda, wato ƙarfen da tef ke gogawa, da auduga da sifirit, akwai ɗan sukurun da ke gefen kan, ku juya shi a hankali har sautin ya washe. Ku haɗa da kwamfuta ta waya, kar a kara wayar hannu a bakin sifika. A ajiye shi WAV, irin fayil ɗin da ba ya matse sauti, a rubuta waye, ina, wace shekara in an sani. Kwafe uku, ɗaya a wani gari, wannan yaƙi ya koya mana. In za ku tura ta WhatsApp ku tura a matsayin fayil dan kar ya matse shi. Ril ɗin da ya yi danƙo kuma kar ku kunna, gasa shi ake yi a zafi kaɗan wajen digiri 50 na awoyi kafin ya kunnu, ku kawo min.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wata yarinya daga ɓangaren mata ta ce, Baba mace za ta iya wannan karatun kuwa?

Yace, 'yata wadda ta gyara mana kalangun nan ai mace ce. Abin da ke ba iyaye tsoro shi ne sawund na dare a gidan biki, kuma suna da hujja, amma wannan ɓangare ɗaya ne. Akwai rediyo, akwai ɗaukar karatun Alƙur'ani da littattafai, akwai gyaran sautin fim da shirye shiryen intanet, akwai aikin ajiya da na gama faɗa, yawancinsu da rana ne a ofis ko ma a ɗakinki. Ki riƙe lissafi da fiziks a sakandare, ki zo da mahaifinki mu zauna in ya yarda.

Wani saurayi ya ce, Ustaz ni ba ni da kuɗin situdiyo, da me zan fara, kuma gaskiya ne kiret ɗin ƙwai yana hana ƙara?

Yace, ɗana kiret ɗin ƙwai ka bar wa mai ƙwai, ba ya hana ƙarar waje shigowa, ɗan siririn amo kawai yake taɓawa, ga haɗarin gobara. Ka fara sayen hedifon mai kyau wanda ba ya ƙara bes na ƙarya, shi ne farko kafin makirfo. Manhajar Audacity kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Ka jingina katifa biyu a kusurwar ɗaki ka rataya bargo, mai magana ya juya wa katifun baya, makirfo kamu ɗaya daga bakinsa ɗan gefe dan kar iskar harafin fa da na ba ta buge shi. Ka kashe fanka, ka jira maƙwabta su kashe janareta. Kar allurar ta taɓa ja, gara ya yi ƙasa ka ɗaga daga baya, wanda ya fashe ba ya gyaruwa. Ka ɗauki kakarka tana ba da tatsuniya minti biyar, ka kawo min ranar Asabar bayan la'asar mu saurara tare.